Tsoho da Ramuwar Gayya: Tsakanin Majigi da Al'adar Ƙasar Ƙaraye

Tun daga 1974, lokacin da Charles Bronson ya fito a fim ɗin Death Wish, masu shirya finafinai a Turai da Amurka suke son labarin mutumin da hukuma ta gaza masa, ya ɗauki bindiga. A Harry Brown na 2009, Michael Caine ya fito a matsayin tsohon soja mai farautar 'yan daban Landan da suka kashe amininsa.

A ƙasar Ƙaraye da Rogo kuwa, kamar sauran ƙasar Kano, ba haka aka san dattijo ba. Tsaron gari aikin jama'a ne. Mafarauta da 'yan tauri su ke bin sawun ɓarawo, amma in an kama shi sai a miƙa wa mai unguwa, daga nan dagaci, hakimi, har gaban alƙali. Aikin tsoho shi ne ya tare samari kada fushi ya ɗebe su.

A ƙarshen shekarun 1960 aka haɗe 'yan dokan En'e da 'yan sandan Nijeriya, ikon sarakuna a kan tsaro ya ragu. Daga baya 'yan banga suka yawaita. A watan Maris 2025 'yan banga da gungun jama'a suka kashe mafarauta 16, 'yan jihar Kano, a Uromi ta jihar Edo, bisa zargi kawai. Abin da majigi ba ya nunawa ke nan: mai yanke hukunci da hannunsa ba ya tsayawa ya saurari shaida.