Kayan tagulla: asalinsu da yadda ake adana su

A gidaje da dama na birnin Sakkwato, daga Gidan Igwai zuwa Kanwuri, akan tarar da tasa ko buta ko munduwar tagulla da aka gada daga kakanni. Wasu sun yi baƙi, wasu sun fara kore, wasu kuma sun faɗa hannun 'yan gwangwan, waɗanda ke saye da awon kilo a narkar. Kafin a rabu da irin wannan kaya, ya kamata a san mene ne shi.

Mece ce tagulla?

Ba haƙo ta ake yi ba, haɗa ta ake yi. Ana narka jan ƙarfe da tutiya, galibi kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na jan ƙarfe, saura kuma tutiya. Ba ta tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, kuma maganaɗisu ba ya kama ta. Saboda haka idan maganaɗisu ya manne wa tasa, to baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufi.

Tarihinta a ƙasar Hausa

Ibn Battuta, wanda ya isa Takedda a 1353, ya rubuta cewa daga can ake kai jan ƙarfe Gobir da Borno. A 1964 kuma masanin Faransa Théodore Monod ya gano sandunan tagulla fiye da 2,000 da wani ayari ya bari a hamadar Muritaniya.

Hausawa sun raba ƙira gida biyu. Maƙeran baƙi, irin waɗanda unguwar Maƙera Assada ta yi suna da su, suna ƙera fartanya da gatari. Maƙeran fari kuwa su ke sarrafa azurfa da tagulla, su fitar da mundaye da likkafa da adon dawakin sarakuna. A ƙasar Nufe, Bida ta shahara da tire da tasoshi masu zane.

Indiya ma haka abin yake. Ana yi wa Moradabad laƙabi da birnin tagulla, kuma mabiya addinin Hindu kan kewaye gumakansu da wani baka na tagulla mai ado da suke kira prabhavali. Da tsamiya suke wanke shi, kamar yadda matan Hausawa ke wanke tasa.

Yadda ake kula da ita

Iska da laima da gumin hannu ne ke dusashe tagulla. A fara da ruwan ɗumi da sabulu. Idan baƙin bai fita ba, a shafa jiƙaƙƙiyar tsamiya ko lemon tsami da ɗan gishiri na 'yan mintoci, a ɗauraye sosai, a goge da tsumma mai laushi har ta bushe. Tsamin da ya saura a cikin zane shi ke ci gaba da cin ƙarfen.

A guji yashi da soson ƙarfe. Kowace guga tana tafiya da ɗan ƙarfe, har zanen maƙeri ya shafe. Kayan da aka shafa wa man sheƙi tun daga masana'anta kuwa, sabulu kaɗai ya ishe su.

Koren da ke fitowa a jikin tagulla guba ne. Kada a ajiye nono ko kunun tsamiya ko miya mai tsami a cikinta, domin tsami na narkar da jan ƙarfe ya shiga abinci. Wata tagullar ma akwai dalma a cikinta, wadda ke illa ga ƙwaƙwalwar yara.

Idan kuwa kayan tsoho ne ƙwarai, kada a goge shi, domin duhun da shekaru suka sa masa yana cikin darajarsa. A share ƙura, a naɗe shi da farin ƙyalle nesa da laimar damina, sannan a nemi shawarar ma'aikatan gidan tarihi na Waziri Junaidu kafin a sayar.