Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Itace da Gona a Arewacin Ghana

A zangon Paga na tashi, garin nan na kan iyakar Ghana da Burkina Faso wanda ya yi suna saboda kadojinsa. Kakana yana da 'yar gona da makwabtanmu Kasena suka ba shi aro, cikinta akwai kaɗanya bakwai da ɗorawa biyu. Ina yaro na taɓa tambayarsa me ya sa ba zai sare su ba don gero ya sami fili. Sai ya ce, "Jikana, su suka riga mu zuwa, kuma su ke ciyar da mu ranar da gero ya ƙi." Sai da na girma na gane tarihi ne yake karanta mini.

A ƙarni na 19, fataken Kano da Katsina suna tafiyar watanni zuwa Salaga, su kai kanwa da tufafi da fatu, su komo da goron Asante. Yendi, fadar Ya Na, tana kan hanyarsu. Me ya ciyar da ayarin? Gonakin da ake noma a ƙarƙashin itatuwa, da rijiyoyin Salaga masu ɗimbin yawa da ke riƙe ruwa har rani. Gaskiya ɗaya ba za mu ɓoye ba: gumin bayi yana cikin wannan arziki, kuma sansanin Pikworo da ke kusa da Paga shaida ne. Yaƙin basasar 1892 ya watse kasuwar Salaga, amma ya bar tsarin noman. Har yau mutanen Ghana na kiran ɗorawa da abin miyarta "dawadawa", wato daddawarmu.

Tsarin ba shi da wuya. Manomin Bawku ko Paga yana noma kewayen gidansa, ya zuba kashin dabbobi da toka da sharar gida. Yana haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, wake na ƙara wa ƙasa ƙarfi, in ɗaya ya ƙi ɗaya ya yi. Gawo kan zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa shuka rana. A duwatsun Tongo kuwa, Talensi na jera duwatsu su tare ruwa da ƙasa.

To me ya canza? Turawan mulki sun shigo da garmar shanu a shekarun 1930. Daga 1972, gwamnatin Acheampong ta ƙaddamar da shirin ciyar da kai, tarakta da takin zamani suka yawaita a arewa. An sami shinkafa, amma tarakta ba ta shiri da kututture, sai aka riƙa tumɓuke itatuwa. Jama'a ta ƙaru, hutar da gona ya gagara, masu gawayi suka far wa kaɗanya. Da fari da gobarar daji suka zo a 1983, ƙasa ta shiga yunwa. A wannan shekara man kaɗe da daddawar da kakata ta sayar ne suka saya mana hatsi.

Wani abin mamaki, a daidai 1983 ɗin ne a Maraɗi wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturen da ke gonaki ba su mutu ba. In manomi ya zaɓi tsiro biyu ko uku ya sassabe sauran, ya kare su daga wuta da awaki, sai itace ya dawo ba tare da dashe ba. Manoman Nijar suka kira shi sassabin zamani, suka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. A 2009 ƙungiyar World Vision ta kawo dabarar gundumar Talensi. Ka ga, abin da ya zo mana daga ƙasar Hausa a wannan karo ba kanwa ba ce.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Kakana ya rasu, masu gona sun karɓi abinsu, wanda ya gaje ta ya sayar da kaɗanya biyar ga masu gawayi don kuɗin makarantar yara. Ban zarge shi ba. Wanda ke noman aro, ko matar da ke tsintar kaɗe ba ta da iko da itacen, don me za su rena abin da ba su da tabbacin cin moriyarsa? Ambaliyar 2007 da tsayawar ruwan sama a 2024 sun nuna mana damina ba ta da alƙawari.

Saboda haka, 'yan'uwa, dabara muna da ita tun kaka da kakanni. Abin da ya rage shi ne sarakuna da masu ƙasa su tabbatar wa mai renon itace cewa shi zai ci 'ya'yansa. Bara na koma Paga, na tarar da tsiro a kututturen kaɗanyar kakana guda uku. Na roƙi mai gonar ya bar su. Ya ce zai duba.