Daga Akwatin Talabijin Zuwa Wayar Hannu: Yadda Aka Daɗe Ana Horar Da Malamai Daga Nesa

 Kwanan nan tambaya ɗaya ke ta maimaituwa a saƙonninku: yaro ko yarinya sun gama sakandare, sun ce za su yi karatun malanta ta waya, ba sai sun bar gida ba, to a biya kuɗin ko kuwa? Kafin mu ce e ko a'a, bari mu waiwaya, don an ce waiwaye adon tafiya. Wannan abu ba yau aka fara shi ba a ƙasashen nan namu biyu.

A zamanin Turawa, mai son zama malamin boko sai ya yi tafiya mai nisa. A Arewacin Najeriya akwai Kwalejin Katsina, wadda ta fara ɗaukar ɗalibai a 1921 don horar da malamai. Can Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Balewa suka yi karatu, kuma dukansu sun riƙe alli kafin su riƙe mulki. A ɓangaren Faransa kuwa tafiyar ta fi haka tsawo, sai an je makarantar William Ponty a Senegal. Boubou Hama, ɗan ƙasar Tera, can ya fito ya zama malamin makaranta na farko ɗan Nijar a 1929, Diori Hamani ma ta can ya bi. To ka ga, malaman da irin wannan hanya ke fitarwa ƙalilan ne. Ranar da aka samu mulkin kai a 1960, yara sun fi malamai yawa nesa ba kusa ba.

Nijar ce ta fara gwada wata dabara. A 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo, inda mutanen gari ke taruwa su ji shiri, su tattauna, a ɗauki muryoyinsu a mayar gidan rediyo. Sai kuma a 1964, da taimakon Faransa, aka fara koyar da 'yan firamare ta talabijin. Ana shirya darasi a Yamai, a watsa shi zuwa azuzuwa. Daga 1966 azuzuwa 22 ne ke cikin shirin, da yara wajen 800. Wanda ke tsaye gaban yaran ba cikakken mushe ba ne. Saurayi ne mai takardar gama firamare, an ba shi gajeren horo, yana da littafin jagora a hannu. Akwati ya yi bayani na 'yan mintoci, shi kuma ya ɗora da tambayoyi da maimaici. Da haka shi kansa yake koyon koyarwa, kullum yana kallon yadda gwani ke yi. Inda babu lantarki sai batir, wasu wuraren har da faifan hasken rana.

Yaran sun iya magana da Faransanci, wannan kam an shaida. Amma shirin yana da tsada, injiniyoyi da kuɗi yawanci daga waje suke zuwa, kuma bai taɓa kai wa ga yawancin yaran ƙasa ba. A 1979 kayan aikin suka koma na gidan talabijin na ƙasa, Télé Sahel. Kodebuwa ta kwaikwayi dabarar daga 1971, ta faɗaɗa ta fiye da Nijar, ita ma ta ajiye ta a farkon shekarun 1980 bayan ƙorafin iyaye da malamai.

A Najeriya matsalar ta zo ne da gudu. A watan Satumba 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. An yi tsammanin yara miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai ga wajen miliyan 3. Aka riƙa ɗaukar duk wanda ya iya karatu da rubutu a ba shi aji. A wannan shekarar aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna, aikinta ta horar da malami yana kan aikinsa. Ana buga littattafan darasi a rarraba, malami ya yi karatu da dare bayan ya tashi daga makaranta, ranar Asabar ko lokacin hutu ya je cibiya mafi kusa ya haɗu da mai duba shi, a yi bita, a rubuta jarrabawa. A 1990 cibiyar ta fara ba da takardar NCE ta wannan hanya. Da yawa daga malaman ƙauyukan Sakkwato, Katsina da Jigawa ta nan suka samu takardarsu. Ita kuwa jami'ar karatu daga gida, wadda Shugaba Shagari ya kafa a 1983, an dakatar da ita a 1984, sai a farkon shekarun 2000 aka farfaɗo da ita da sunan NOUN.

Ku 'yan'uwa makiyaya, ga naku. A 1989, lokacin Farfesa Jibril Aminu yana ministan ilimi, aka kafa Hukumar Ilimin Makiyaya, hedikwatarta a Kaduna. Aka yi azuzuwan da ake naɗewa a bi garke da su, aka kuma fara shirin Don Makiyaya a Ruga a Rediyon Najeriya Kaduna, tunda an san Bafulatani ba ya rabuwa da rediyonsa. Abin da ya fi wuya shi ne malami. Wanda aka turo daga birni, damina ɗaya sai ya nemi canji. Wanda ke zama shi ne ɗan ruga, mai jin Fulfulde, wanda ya san lokacin tashi da lokacin dawowa. Shi kuwa ba zai bar shanu ya tafi kwaleji shekara uku ba, don haka dole karatun ya same shi inda yake.

Yanzu ga salula. A 2009 an gwada koyar da manya yaƙi da jahilci da wayar hannu a jihohin Dosso da Damagaram, aka ga waɗanda suka koyi tura saƙo sun fi riƙe karatunsu, don kullum suna amfani da shi, ko don tambayar farashin hatsi. A 2020 kuma, da annobar korona ta rufe makarantu, kowa ya ga iyakar intanet: a ƙauyuka da yawa rediyo aka koma wa, don data na da kuɗi, caji na da kuɗi, sabis kuma sai ka hau tudu.

To me tarihin nan ke gaya wa mai shirin biyan kuɗi? Akwatin talabijin ya zo ya wuce, amma tsarin littafi da mai dubawa da jarrabawa a zaune yana nan kusan shekara hamsin. Saboda haka kafin ka sayar da ɗan maraƙi ko ka taɓa jarin shago, yi tambaya uku. Ta farko, wa ya amince da takardar? A Najeriya hukumar NCCE ke tantance karatun NCE, hukumar TRCN ke yi wa malamai rajista. A Nijar kuwa ka je ofishin sufeton makarantu ka tambaya, kuma makarantun horar da malamai na gwamnati suna nan a Maraɗi, Tawa, Damagaram da Dosso. Takardar da ke aiki a Jibiya ba lallai ta yi aiki a Ɗan Isa ba, ka tabbatar tun kafin ka biya. Ta biyu, ina cibiyar da yaron zai je ya ga malaminsa ido da ido, kuma wa zai zo ya duba shi yana koyar da yara a aji? In an ce babu, komai ta waya ne har jarrabawa, to ka riƙe kuɗinka. Ta uku, in sabis ya ɗauke mako guda kuna mashaya, akwai littafi ko darasin da aka sauke a waya da zai ci gaba da shi?

In amsoshin nan uku sun yi daidai, ka ba yaronka ko 'yarka dama, ka kuma rage masa aiki ranar zuwa cibiya. Makarantar rugarku ko ta bakin kasuwarku malamin da zai zauna take nema, kuma mai yiwuwa yana cikin gidanka yanzu haka.

Mu haɗu mako mai zuwa a kan wannan zango, in Allah ya kai mu. Ku ci gaba da aiko saƙonninku. Allah ya ba da damina mai albarka, ya sa a yi ciniki lafiya.