Burtali: Tarihin Kalmar da Ta Haɗa Manomi da Makiyayi

Burtali ita ce hanyar da ake bari tsakanin gonaki domin dabbobi su bi zuwa makiyaya ko mashaya ba tare da sun yi ɓarna ba. Hausa ta aro kalmar ne daga Fulatanci, inda ake cewa burtol. Wannan aro kaɗai shaida ne cewa Bahaushe manomi da Bafulatani makiyayi sun daɗe suna cuɗanya.

A da, lokutan shekara ne ke tsara wannan zama. Da damina garke kan yi arewa, ya bar wa shuka fili. Da kaka, bayan an girbe gero da dawa, sai a yi sakin gonaki: shanu su shiga su ci kara da karmami, su bar wa mai gona taki. Makiyayi kuma yakan sayar da nono da man shanu ya sayi hatsi. Sarakuna na karɓar jangali, wato harajin shanu, wanda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soka a littafinsa Kitabul Farƙi, amma Turawan mulkin mallaka suka ci gaba da karɓa.

A Nijar, dokar shekarar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, ta keɓe abin da ke bayanta domin kiwo. Sai dai yawan jama'a da farin 1973 da na 1984 sun sa gonaki suka riƙa cinye burtali. Da hanya ta toshe, garke ya faɗa cikin shuka, rikici ya biyo baya. Mafi muni shi ne na Toda, cikin jihar Maraɗi, a watan Oktoban 1991, inda aka rasa rayuka fiye da 100.

Bayan haka ne aka kafa dokar tsarin karkara a 1993, wadda ta samar da kwamitocin filaye masu shata burtali da kafa masa alamomi. A 2010 wata doka ta tabbatar wa makiyayi haƙƙin yawon kiwo.

Saboda haka ɗalibi ya riƙe burtali, taki da sakin gonaki tare, domin duk ukun sharuɗɗa ne na yarjejeniya guda. Inda aka kiyaye su, gona na samun taki, garke na samun hanya.