Kokowa da mulkin soja: tarihin kalmar “takobi” a fagen wasa

1. Gabatarwa

Littattafan yaƙi da jahilci sukan sa kokowa cikin darasin al'adun gargajiya, tamkar yadda take a yau haka kakanni suka bar ta. Tarihin ƙasar Arewa, daga Dogondutsi zuwa Tibiri, bai goyi bayan wannan ba. Akwai kokowar ƙauye, akwai ta hukuma, kuma kalmominsu sun bambanta.

2. Misalin Japan

Morihei Uyeshiba (1883-1969), wanda ya ƙirƙiro wasan aikido, ya yi aikin soja lokacin yaƙin Rasha da Japan na 1904-1905. Daga shekarun 1930 ya koyar da dabarun faɗa a makarantar sojan ƙasa ta Toyama, da makarantar ƴan leƙen asiri ta Nakano, da wajen hafsoshin sojan ruwa. A 1942, ana tsakiyar yaƙi, aka tabbatar wa wasan sunan aikido a ƙarƙashin ƙungiyar Butokukai, wadda hukuma ke riƙe da ita. A shekarar kuma Uyeshiba ya ƙaura zuwa Iwama. Bayan an ci Japan da yaƙi, an rushe Butokukai a 1946. Da ƙungiyar Aikikai ta sami izini a 1948, sai almajirai suka riƙa gabatar da wasan a matsayin hanyar zaman lafiya, zancen makarantun soja kuwa ya ja baya cikin littattafansu. Sunan ya tsaya, ma'anarsa ta sauya.

3. Kokowar Arewa

A Arewa tafiyar ta bi akasin haka. Kokowa wasan kaka ce: in an gama girbin hatsi, samarin wani gari su tafi wani garin da makaɗansu, a shata fage, a yi kirari, a kama, a yi kaye. Ladan gwani suna ne da kyautar masu kallo. Yaƙi kuwa da nasa kalmomi: baka, kwari, kibiya, mashi, garkuwa. Da irin waɗannan makamai ne mutanen Sarauniya Mangu suka tari rundunar Bule da Shanuwan a Lugu cikin watan Afrilu na 1899. Jarumtaka ce ta haɗa fagagen biyu, amma kowane da kayan aikinsa.

4. Shigowar hukuma

Ranar 15 ga Afrilu 1974 Seyni Kunce ya kifar da gwamnatin Diori Hamani. Da aka soke jam'iyyu, mulkin soja ya nemi wata hanyar tattara matasa, sai ya farfaɗo da Samariya. A 1975 aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa, Yakuba Kantu na Maradi ya yi nasara. Daga nan ɗan kokowa ya zama wakilin jiharsa, aka samu alƙalan wasa da ƙa'idoji rubutattu, aka gina filaye. Na birnin Doso yana ɗauke da sunan Salma Ɗan Rani. Babbar kyautar gasar ta zama takobi, har ake kiran gasar da sunansa. Isaka Isaka na Doso ya ɗauke shi karo na shida a Agadas a ƙarshen 2023. Ke nan alamar sarauta da yaƙi ta shigo wasan manoma ta hannun hukuma.

5. Abin da ya shafi masu tsara littattafai

In littafin karatu ya ce takobi gadon kakanni ne a kokowa, ya koya wa manomi kuskure kan tarihinsa, alhali dattawan garinsa sun san ba haka ba ne; wannan yakan rage wa littafi daraja a idon ɗalibi babba. Ya kamata ƙamus ya raba kalmomin fagen ƙauye da waɗanda suka shigo daga 1975, ya nuna lokacin kowace. Ya kamata kuma a gaggauta ɗaukar kirarin tsofaffin ƴan kokowar Tibiri da Dogondutsi, da karin harshensu na Arewa, domin waɗanda suka yi kokowa kafin gasar ƙasa sun yi ƙaranci.