Kukar Da Ke Cikin Daro



Duk wanda ya taɓa shigowa gidan da muke haya ya ga wata 'yar kuka a cikin tsohon daro a ƙofar ɗakinmu. Shekararta tara, amma tsawonta bai wuce gwiwata ba, gindinta kuma ya kai kaurin taɓarya. Mutane suna yawan tambayata dalili, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Mahaifina ɗan kasuwa ne, hatsi da garin kuka yake sarowa daga ƙasar Katsina. Tun ina yaro yakan ce mini, idan kana tafiya a daji ka ga kukoki sun taru wuri guda, to kufai ne, an taɓa yin gari a nan. Mutanen sun watse, katanga ta rushe, kuka ce kawai ta rage tana shaida. Da na shiga sakandare na fara bin tarihi sai na ga maganarsa haka take. Garin Kukawa na Borno, wanda Shehu Laminu ya kafa a 1814, daga kuka ya samo sunansa, kuma ko da Rabe ya ci garin a 1893 sunan bai ɓace ba. A Kano akwai Kukar Bulukiya, a Katsina akwai unguwar Kukar Gesa. Bahaushe in ya yi niyyar zama, yakan zauna kusa da kuka, domin ganyenta miya ne, ɓawonta igiya, garin 'ya'yanta kuma a dama da nono.

To mu fa? Zaman Hausawa a wannan yanki ba jiya aka fara ba. Abu Ja na gidan sarautar Zazzau ya kafa garin Abuja a 1828 a ƙasar Gwari, garin da yanzu ake kira Suleja, bayan ya bar wa sabon birni sunansa. A 1976 aka yi dokar kafa babban birnin tarayya, a ranar 12 ga Disamba 1991 gwamnati ta taso daga Legas. Cikin shekarun nan ne irin su Baba suka biyo motocin kaya suka sauka a tashar Jabi. Sai dai su ba gari suka zo kafawa ba, haya suka zo kamawa. Sau uku muna tashi, ɗaya a lokacin rusau na 2006, ina ƙarami, ban manta katifarmu a bakin titi ba. Wa zai dasa itacen da ke shekara ɗaruruwa a filin da ba shi da takardarsa?

Ina aji huɗu na ga hoton abin da mutanen Japan ke kira bonsai, wato renon itace a cikin kasko, ana datse reshe da saiwa har ya tsufa bai girma ba. Su ma daga Sin suka koyo shi. Na jiƙa ƙwallayen kuka biyar a ruwan zafi suka kwana, biyu suka tsiro. Ɗaya ni na kashe ta da hannuna, don da hunturu ya shigo ta zubar da ganye sai na ɗauka ƙishirwa ce, na yi ta ɗura mata ruwa har saiwarta ta ruɓe. Ashe kuka tana ajiye ruwanta a jiki, da rani barinta ake yi ta huta. Ruwan Abuja ma ya yi mata yawa, shi ya sa na huda daron, na haɗa ƙasar da yashi, cikin watan Agusta kuma nakan ja ta ƙarƙashin rumfa. Duk bayan shekara biyu, gab da damina, nakan ciro ta in rage saiwar.

Baba bai so abin ba da farko. Cewa ya yi na mai da babba yaro, kuka ba abar wasa ba ce. Wata maƙwabciya kuma ta ce in kai ta waje kada ta jawo mana aljanu, na ce mata wane aljani ne zai yarda da ɗaki ƙunci haka.

A watan jiya mai gida ya aiko cewa ya sayar da gidan, mu tashi kafin ƙarshen shekara. Har yanzu ba mu sami wani wuri ba, ana maganar Dei-Dei ko Mararaba. Daren nan Baba yana lissafin kayan da za su shiga mota, ya ƙirga buhuna, ya ƙirga katifu, sai ya dubi ƙofa ya ce, "Kukar nan kada a sa ta a baya, ka riƙe ta a cinyarka."