Tsafe Kafin Tudun Wada Ko Bayanta? Saɓanin Jerin Haruffa a Gwajin Rumbun Bayanai

Tsakure

Maƙalar ta duba dalilin da gwajin manhajar rumbun bayanai ke cin nasara a kan Linux, ya faɗi a kan Windows ko macOS, idan bayanan gwajin sunayen Hausa ne. Ta nuna cewa tushen matsalar ƙa'idar jera haruffa ce.

Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Luo da abokan aikinsa (2014) sun bi diddigin gyare-gyare 201 a manhajojin Apache 51, suka ce kashi 96 cikin ɗari na gwaje-gwaje marasa tabbas ba ruwansu da tsarin da aka gudanar da su a kai. Ba mu musanta lissafinsu ba. Abin da muke ja da shi shi ne yadda masu rubuta manhaja suka riƙe wannan adadi tamkar hukunci, har da zarar gwaji ya faɗi sai a ce a sake gudanar da shi, wai ai kwamfutar ce ta yi nauyi. Gwajin da ke faɗuwa kullum a kan tsari guda ba mara tabbas ba ne, kuma ko sau ɗari aka maimaita shi, amsar ba ta canzawa.

Hanyar Bincike

Mun ɗauki sunayen ƙananan hukumomi 14 na Jihar Zamfara, muka ƙara Kwatarkwashi ta Bunguɗu, 'Yandoto ta Tsafe da Tudun Wada ta Gusau, muka jera su bisa ƙa'idoji uku: lambobin Unicode zalla, ƙa'idar Ingilishi, da ƙa'idar Hausa ta CLDR (ma'ajiyar ƙa'idojin harsuna ta Unicode).

Sakamako

Kowace ƙa'ida ta ba da jeri nata daban. A lambobi zalla, wanda shi SQLite ke bi idan ba a faɗa masa wani abu ba, Ƙ tana da lamba U+0198, don haka Ƙauran Namoda ta koma bayan Zurmi. Sauran biyun suna ajiye ta dab da Kwatarkwashi.

Wannan mai sauƙi ne, ido ma yana kama shi. Inda gizo ke saƙar shi ne "ts". Ƙa'idar Hausa tana ɗaukar "ts" harafi guda mai zuwa bayan "t", kamar yadda "sh" ke zuwa bayan "s". Ke nan Tudun Wada ce gaba, Tsafe a baya. Ƙa'idar Ingilishi kuwa tana ganin "t" da "s" daban, sai Tsafe ta sha gaba. Babu harafi mai ƙugiya ko ɗaya a sunayen biyu, shi ya sa mai neman kuskuren ba ya zarginsu. Abin lura kuma, jerin ƙananan hukumomi 14 kaɗai ba ya tona wannan saɓani, domin Talata Mafara tana gaban Tsafe a dukkan ƙa'idojin. Sai an shigo da suna irin Tudun Wada asiri ke tonuwa.

Lamarin ya wuce gwaji. PostgreSQL yana aron ƙa'idar jeri daga tsarin da yake zaune a kai, kuma da glibc 2.28 ta Linux ta fito a 2018 ta sauya jerin, fihirisar da aka gina da tsohuwar ƙa'ida ta daina dacewa, har akan nemi sunan da ke cikin rumbu a rasa shi. Tun PostgreSQL 10 (2017) ana iya zaɓar ICU, mai bin ƙa'idojin CLDR, don haka ba uzuri: a rubuta "ha-x-icu" ƙarara a tsarin teburin, gwajin ma ya bi ta.

Bugu da ƙari, NOCASE na SQLite haruffan Ingilishi 26 kawai yake daidaitawa, bai san Ƙ da ƙ ɗaya ba ne. Tsarin haruffa na 1252 na Windows kuma ba shi da ɓ, ɗ, ƙ sam.

Iyakokin Bincike

Sunayen kaɗan ne, kuma na wurare ne kawai. Ba mu warware batun 'Yandoto ba, wadda ake rubuta alamar farkonta da lambobi aƙalla uku. ICU ma tana sauya siga, wanda ke buƙatar nazari na daban.